Binne a Gonar Kan Iyaka

Gonata tana bayan shingen kwastan na Magama, inda ƙasarmu ta ƙare. Turken siminti na iyaka a cikinta yake. Kashi biyu suna Najeriya, kashi ɗaya yana Nijar. Ubana ya nome ta duka, ni ma haka, babu wanda ya taɓa tambayarmu takarda.

Damina biyu ban shige ta ba. 'Yan bindiga sun mai da hanyar babura da ke gefenta tasu, muka bar ƙauye muka dawo bakin shinge, ni da ɗiyata Luba da 'ya'yanta, cikin wani tsohon shagon ajiye buhuna. Da aka kori 'yan bindigar, sun bar nakiyoyi a ƙasa. Amalanken wani mutumin Gangara ya taka ɗaya. Shanun biyu suka mutu, shi ya rasa ƙafa. Daga nan aka zagaye gonakinmu da jan ƙyalle, aka ce kada kowa ya shiga.

Cikin bazara wasu ma'aikata suka zo. Shugabarsu wata yarinya ce, Prisila, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta ta birni. Tana da ɗan jirgi maras matuƙi, girmansa bai wuce faifai ba. Ta tara mu a inuwar dalbejiya ta yi bayani. Jirgin zai bi saman gonaki yana ɗaukar hoton ƙasa, har da wani ido mai ganin inda yashi ya fi zafi ko sanyi. Hotunan za ta tura su ta intanet zuwa wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa mai nisa. An nuna wa kwamfutocin dubban hotunan wuraren da aka binne nakiya har sun gane kamanninsu. Su za su maido mata taswira da jajayen ɗigo, sai mai tono, wani Joshua, ya je ya duba wuraren ɗigon kawai. Ta karanta jerin gonaki. Tawa sai mako na huɗu, don tana kan iyaka, kuma mutanen can ba su yarda jirgi ya tsallaka turke ba tukuna.

Na ce mata ruwan sama ba ya bin jerinta. Na ce shekara sittin ina kan wannan ƙasa, ko gafiya ta yi tono a ciki ina sani. Ta ce ta yarda, amma in yi haƙuri. Dalhatu, taubashina, ɗan ƙanwar ubana, ya ce a gaban mutane idona ko akuyar maƙwabci ba ya bambanta ta da tasa. Aka yi dariya. Ban yi ba.

Mu nan ba ma jiran ruwa kafin mu shuka. Ƙasarmu yashi ce, damina gajera. Idan iska ta fara juyawa, sai mu yi binne, a sa iri a busasshiyar ƙasa, ruwan farko ya same shi a ciki. Wanda ya tsaya sai ya ga ruwa ya yi baya da kwana goma, kuma kwana goman nan su ne tsakanin gero mai ido da kara kawai. Yarinyar ba ta san wannan ba. Ba ta tambaya ba, ni kuma ban faɗa mata ba.

Wata ranar Talata na ga walƙiya a gabas. Laraba da na idar da asuba, na ɗauki sungumi da jakar iri, na ce wa Luba zan je tasha. Ta rataya mini 'yar wayar da take tilasta mini ɗauka. Na bi bakin titi, wanda Joshua ya riga ya share, na ɗaga jan ƙyallen na shiga.

Ni kaɗai ne, don haka aikin mutum biyu na yi. In sara, in zuba iri, in danne da diddige, in ƙara taku. Daga titi zuwa arewa, in wuce turke, in kai gambar ƙarshe, in juyo. Ƙasar ta yi mini daɗi a ƙafa. Na yi layi takwas kafin rana ta yi zafi. Ina cikin na tara, na wuce turke da rami goma sha biyu, bakin sungumi ya kankari wani abu da ba dutse ba. Babu dutse a gonata.

Na duba. Gefen jarka ne, ruwan ɗorawa. Kusa da ita bakin katako ya leƙo daga yashi, da waya baƙa siririya. Irin nakiyarsu ke nan. Tsakanin katakon da babban ɗan yatsan ƙafata bai kai taƙi ɗaya ba.

Na tsaya yadda nake. Ƙafar dama a kan ramin da na danne, ta hagu a gaba kaɗan. Na waiga in ga sawuna. Iskar da ke jawo hadari ta tashi tun hantsi, yashi yana gudu a ƙasa. Sawu biyu na baya ina ganinsu, sauran sun shafe. Gonar ta koma fili ɗaya, kamar ban taɓa ta ba. Inda aka binne ɗaya an binne wata, wannan ko ni na sani.

Na daɗe ban taɓa wayar ba. Ina tunanin inuwar dalbejiya da abin da na faɗa a ciki. Sai da ƙafar hagu ta fara rawa sannan na kira Dalhatu. Kiran bai shiga ba. A bayan turke waya tana sakin sabis ɗinmu ta kama na Nijar, rezo suke ce masa, sai ta rikice. A karo na huɗu ya ɗauka.

"Bawana, kana ina?"

"Ina shan koko. Ubangidana ya tuna da ni, zai ba ni kyauta ke nan?"

"Je ka kira yarinyar mai jirgi. Ina gona. Na tono jarka."

Ya ce ga shi nan ya tafi. Na ce kada ya gaya wa Luba. Ya gaya mata.

Cikin rabin awa bakin titi ya cika. Direbobin manyan motoci, 'yan kamasho, masu canjin sefa, kwastan biyu, matan da ke sai da fura. Daga inda nake kamar tururuwa a kan igiya. Wani ya aro lasifikar tasha, don wayar tana yankewa. Muryar Prisila ta zo ta cikinta, iska tana yayyaga ta. Ta ce kada in motsa ƙafa, kada in ajiye sungumi a ƙasa, kada in zauna. Ta ce za su fitar da ni.

Jirgin ya tashi ya zo har kan turke ya tsaya. Ni ina gaba da shi. Ba shi da izinin ƙarasowa. Dalhatu ya hau babur ya tafi shingen can, wajen babban jandarman, mai tsaron shingen Nijar, wanda uwarsa 'yar Riko ce, nan ɓangarenmu. Daga baya na ji yadda aka yi. Mutumin ya ce umarni daga sama yake, ba zai iya rubuta komai ba. Dalhatu ya ce ba rubutu ya zo nema ba, tsoho ne a tsaye kan bam, kuma in ya tashi rabin namansa a ƙasarsu zai faɗo, su za su tsince. Jandarman ya ce zai shiga ofis ya ci abinci, kuma shi in yana ci ba ya kallon sama. Haka jirgin ya tsallako.

Ya zo saman kaina yana ƙugi kamar taron zuma. Ya bi gonar layi layi, ya koma. Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Hotunan sai sun tafi can wajen kwamfutocin, kuma sabis a bakin titi ba shi da ƙarfi. Prisila ta hau kan tankin ruwan tasha da ɗan allon kwamfutarta a hannu, tana ɗaga shi sama. Ina hango ta. Dalhatu ya karɓi lasifika yana sanar da ni, kashi goma sun tafi, kashi ashirin, ya tsaya, ya koma baya. Tsakanin sanarwa yana gaya wa jama'a cewa tun muna yara ba a taɓa ganina tsaye wuri ɗaya ban ba wani umarni ba. Na san don kada in faɗi yake yi. Duk da haka na riƙe maganar.

Rana ta hau tsaka. Babu itace kusa, gawon da ke gonar yana can yamma. Ban zo da ruwa ba, don ban yi niyyar wuce hantsi ba. Prisila ta so ta ɗaura ledar ruwa a jikin jirgi ta sauko mini da ita. Joshua ya hana. Ya ce in ledar ta suɓuce ta faɗa kan katakon, an gama. Gaskiyarsa ce. Na sa ƙwayar gero uku a baki ina tsotsa.

Wayar ta yi ƙara. Prisila ce, ta sauko daga tanki. Muryarta ta sauya.

"Baba, taswira ta dawo. Ja ɗari biyar da wani abu. Gonar duka ja ce. Me ka yi a ciki?"

"Binne."

"Me ka binne?"

"Gero, Malama. Me ake binnewa a gona?"

Na ji Dalhatu yana yi mata bayani a gefe. Da ta dawo kan wayar ta faɗa mini a hankali. Kwamfutocin abin da suka sani shi ne ƙasar da aka tone aka mayar. Duk inda suka ga haka sai su sa ja. Hotunan da aka koya musu daga wasu ƙasashe aka kawo, inda ba a shuka kafin ruwa. Ba su taɓa ganin binne ba. Kowane rami nawa a wurinsu nakiya ne, kuma nakiyoyin gaske sun ɓace a ciki. Da ban taɓa gonar ba, da ja biyar ko shida za su fito, a gan su sarai. Ba ta ce laifina ne ba. Ba sai ta ce ba.

Joshua ya ce hanya ɗaya ta rage, ya taho daga titi yana bincike taƙi taƙi har ya iso ni. Na tambayi awa nawa. Ya ce ba zai iso yau ba. Hadari kuma yana haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka yashi zai motsa, abin da ke ƙasa zai iya motsawa da shi.

Wayar ta yanke. Jirgin ya tafi canjin batir. Aka bar ni da iska.

Fitsari ya matse ni tun da daɗewa. In na tsuguna gwiwata ba za ta ɗaga ni ba sai na dafa ƙasa. Na juya baya ga titi iyakar yadda ƙugu ya yarda, na yi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Da aka kira azahar daga masallacin tasha, na shafi yashin da ya manne a bakin sungumi na yi taimama, na yi salla da ka da ido. Ƙafar hagu ta daina rawa, ta mutu. Ban ƙara jin ta ba daga gwiwa zuwa ƙasa.

A nan tsaye na yi ta kallon ramin da ke ƙarƙashin diddigena. Na danne shi da dukan nauyina, bai tashi ba. Na baya ma haka. Duk ramin da ke layin nan na taka shi da safe. Idona ba ya ganinsu, amma jirgin yana gani, shi ya sa ma ya cika su da ja.

Da wayar ta sake shiga na faɗa wa Prisila. Na ce ta daina neman nakiya, ta nemo mini ramukana. Ta ce matsalar ita ce yadda za a san wane ja ne nawa. Na ce nawa a layi suke. Ta tambayi nisan da ke tsakaninsu. Na ce kamu biyu, tsakanin layi da layi kamu biyu da taƙi. Ta ce kusan haka ko daidai haka. Na ce ni ba na kusan.

Ta zauna a ƙasa ta zagaye ramuka talatin da yatsa a kan allonta, na layin farko, ta rubuta wa kwamfutocin cewa waɗannan shuka ne, su nemo 'yan uwansu su ware. Ta sake hawa tanki. Wannan karon saƙon ƙarami ne amma amsar ta daɗe, don sai sun sake koyo. Luba ta karɓi lasifika. Ba ta yi kuka ba, ɗiyata ce. Ta ce kawai, Baba, ina nan. Ta maimaita sau biyu, ta mayar wa Dalhatu.

La'asar ta kusa da amsar ta zo. Jan ya koma kore, layi tara, a miƙe. Prisila ta ce ta auna, kamu biyu ne ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ganin hannun mutum ya yi haka ba. Ja bakwai suka rage. Ɗaya jarkar da ke gabana. Biyar suna warwatse tsakanin layuka, ɗaya daga ciki na wuce ta sau biyu da safe, taku ɗaya tsakaninmu. Ta bakwai ta ce za mu yi maganarta in na matso.

Juyawa ta fi komai wuya. Na rataya sungumi a kafaɗa, na ɗaga matacciyar ƙafar da hannu, na juya a kan diddigen dama. Jirgin ya sauko ƙasa ƙasa a gabana. Prisila tana kallo a allo tana faɗa ta lasifika. Gaba. Hagu kaɗan. Sauke. Rami hamsin da ɗaya ne tsakanina da titi. Biyar na farko ta gyara mini. Daga nan jini ya dawo ƙafar, jikina ya tuna takunsa, sai dai ta ce daidai, daidai. Na wuce turke. Wayar ta kama sabis ɗinmu. Bakin titi ya yi tsit, har ina jin ƙarar injin wata tirela can nesa.

Ina ƙirgawa. Saura goma sha bakwai ta ce in tsaya.

Ta kira ni a waya. Na ji ta buɗe muryar, don Joshua ya ji, kuma na san duk wanda ke kusa yana ji. Ta ce rami na gaba ba ya kan layi. Inda ya kamata ya kasance babu komai. Ja na bakwai yana gefe, dama da taƙi ɗaya da rabi. Ko nawa ne ya karkace, ko kuwa na tsallake wurin ban sara ba, abin da ke gefen kuma na wasu ne.

"Baba, kai kaɗai ka sani. Naka ne?"

Dalhatu ya ce daga gefe, ai ubangidansa ba ya karkata rami, yanzu ya gama faɗa.

Na tsaya. Akwai abin da na ɓoye wa Luba tun azumi. Jiri yana ɗibata, sai gari ya juya, in tsaya har ya wuce. In ta sani, ta gama raba ni da gona, za ta zaunar da ni a ƙofar shago ina korar kaji. Da safen nan ya ɗebe ni sau ɗaya, na yi tangaɗi. A farkon wani layi ne. Ko na tara ne ko na bakwai, ko na sara kafin ko bayan, ban riƙe ba. In na ce nawa ne, zan taka. In na ce ba nawa ba ne, sai in tsallake kamu huɗu a taku ɗaya, kuma ƙafar nan ba za ta kai ba, a tsakiya zan sauka, inda ba wanda ya san abin da ke ciki. Titi yana nan gabana, ina ganin fuskokin mutane, ina ganin kallabin Luba. Harshena ya kumbura. Raina ya ce in ce nawa ne a gama.

"Ban sani ba," na ce.

Prisila ta ce ba ta ji ba, iska.

"Na ce ban sani ba. Jiri ya ɗebe ni da safe. Yana ɗibata tun azumi. Wataƙila na karkata, wataƙila na tsallake. Ban sani ba."

Ba wanda ya yi dariya. Na ji muryar Luba tana tambayar wani, tun azumi ya ce?

Joshua ya sa rigarsa mai nauyi da gilashin fuska. Mutum ne gajere, ba ya yawan magana, yana da 'ya'ya uku a Funtuwa, daga baya na sani. Ya shigo ta kan ramukana, amma bai yarda da kore ba sai ya gwada kowanne da sandarsa mai ƙara. Da ya iso na goma sha biyar ya ɗago ya dube ni. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma biyu ba.

"Baba, koma baya rami ashirin."

"Yanzu na fito daga can."

"Na sani. In abin ya tashi, gara ya ɗauki mutum ɗaya."

Na juya. Na koma arewa, ina ƙirga ramukan da na riga na ci. Wannan tafiyar ta fi ta farko tsawo. Na tsaya kusa da turke, na ba titi baya, don Joshua ya ce kada in fuskanto shi. Ba na ganin komai sai gonata da baƙin hadari yana hawa. Sandarsa ba ta yi ƙara a wurin ba, amma ya ce akwai waɗanda ake haɗawa da katako da roba, ƙarfensu kaɗan ne. Ya kwanta rub da ciki yana soka tsinke a yashi a kaikaice, yana sharewa da burushi. Ba na gani, Dalhatu ne ke faɗa mini a waya, a hankali, babu wasa a ciki. Ya soka. Ya share. Ya tsaya. Ya goge gumi. Ya sake sokawa.

Na yi addu'a a wurin, amma ba don kaina ba. Ni na kawo kaina. Shi aiko shi aka yi.

Ban san tsawon lokacin ba. Iska ta yi sanyi, ta kawo ƙamshin ruwa daga wajen Ɗan Isa. Sai Dalhatu ya ja numfashi ya ce in juyo.

Joshua yana durƙushe. Na tako har na iso shi. Ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayar gero ce, bakwai ko takwas, da yashi. Ya zuba su a aljihun rigata, ya juya, ya ce in sa ƙafa inda ya cire tasa. Haka muka fita, shi a gaba.

Da na ɗaga jan ƙyallen mutane suka yi kabbara. Na zauna a bakin kwalta. Luba ta ba ni ruwa a kofi, kaɗan kaɗan, tana riƙe da shi kamar ana shayar da jinjiri. Da na sha, ta zare sungumin daga kafaɗata ta miƙa wa Dalhatu, ta ce ya ajiye a gidansa. Ban hana ba. Na nemi Joshua in yi masa magana, ya riga ya koma mota yana cire riga. Na aika masa da Dalhatu. Ya ce a ce mini ba komai, aikinsa ne.

Ruwan bai sauka ran nan ba. Ya wuce arewa. Sai ranar Asabar ya zo, mai yawa.

Prisila ta same ni a shago ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. Ta ce nakiyoyi shida suna nan a gonata, an san wurarensu, amma ruwa ya shafe alamun, kuma ƙasar da na tone ta hana a amince da sauran filin. Dole a bi ta da hannu, taƙi taƙi, kuma ba za a fara ba sai an gama gonakin da jirgi zai iya sharewa da sauri. Na tambayi yaushe. Ta ce bayan kaka, in Allah ya yarda. Ta ce ta aika wa masu kwamfutocin hotunan ramukana, yanzu sun san binne, kuma ta roƙi mai gari ya sanar kada wani ya sake. Mutum huɗu sun zo sun faɗa mata da kansu cewa su ma sun yi niyya. Na ce to.

An buɗe gonar Dalhatu a mako na biyu. An cire nakiya ɗaya a cikinta. Ya shuka a makare, amma ya shuka. Ya ce in zo in taya shi, sai dai Luba ta kai ni asibitin Jibiya, aka ce hawan jini ne, aka hana ni rana.

Gerona ya fito, layi tara. Daga bakin titi ana ganinsa. Da yamma in rana ta yi sanyi Luba tana barina in taka zuwa jan ƙyallen, ita tana biye. Makon farko layukan sun fito sarai a kan yashi, direbobi har suna tsayawa su duba. Ba a yi masa noman farko ba, ba a cire masa yawa ba. Yanzu ƙarangiya da harƙiya sun taso sun kai shi tsawo. Jiya na ƙirga layi shida. Sauran ukun ban iya raba su da ciyawa ba. Na tsaya ina nema har Luba ta ce lokacin magani ya yi, muka koma shago.